Yadda ake aiki da 'yan dako ranar sauka daga jirgin ruwan yawon buɗe ido

Tafiya cikin manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido ta daina zama labarin da muke ji daga nesa. A shekarar 2021 irin waɗannan jirage suka fara tashi daga tashar ruwa ta Jidda suna zagaya Bahar Maliya, a ƙarshen 2024 kuma jirgin kamfanin Saudiyya mai suna Aroya ya fara ɗaukar fasinja, saboda haka ɗan kasuwar Garwa ko Marwa ko Injamena da ya je Umara da iyalinsa yana iya ƙara 'yan kwanaki a kan ruwa kafin ya juyo gida. Akwai masu hawa daga Dubai, akwai kuma waɗanda 'ya'yansu da ke karatu ko aiki a Faransa suke yankar musu tikiti daga Marsey ko Basalona domin zagaya Bahar Rum. Masu sayar da tikiti sukan cika mutum da bayanin ɗakuna da abinci da garuruwan da za a yada zango, amma ba su cika yin maganar safiyar ƙarshe ba, alhali ita ce mafi wahala ga wanda ya tara tsaraba.

Jirgin yakan iso tasha da sassafe, kuma dole ne a kwashe kowa da kowa kafin tsakar rana, domin a ranar ne sababbin fasinjoji za su shiga, jirgin ya sake tashi da yamma. Idan yana ɗauke da mutum 4,000, kowanne da jaka biyu, to jaka 8,000 ke nan za a zube a zaure ɗaya cikin sa'o'i kaɗan. A cikin wannan turmutsutsu ɗan dako yana da amfani ƙwarai, kuma ina ganin duk mai tafiya da tsofaffi ko yara ko jakunkuna fiye da uku bai kamata ya yi ƙyashin ɗaukarsa ba. Sai dai nauyin kaya kawai yake ɗauke maka. Ƙidaya da dubawa da amsa tambayar jami'ai da neman diyya idan an yi ɓarna duk suna wuyan mai kaya, kuma yawancin asarar da ake yi a wannan safiya tana faruwa ne saboda mutum ya miƙa wa ɗan dako waɗannan ayyuka tare da jakunkunan.

Shiri tun daren jajibiri

Kwana ɗaya ko biyu kafin a iso, mai gyaran ɗaki zai ajiye maka takardar bayanin sauka tare da wasu dogayen takardu masu launi da lamba waɗanda ake ɗaurawa a hannun jaka. Launin da lambar su ne rukuninka, su ne suke nuna lokacin da za a kira ka, su ne kuma suke nuna ɓangaren zauren da za a jera kayanka. Ana raba rukunin ne bisa lokacin da kowa ya ce jirgin samansa zai tashi, don haka idan lokacin da aka ba ka bai dace da tafiyarka ba, ka je teburin karɓar baƙi tun da rana ka nemi a canza. A wannan teburi ne kuma ake rubuta sunan dattijo ko dattijuwar da za ta buƙaci keken turawa, domin idan aka bari sai da safe, jiran yana tsawo.

Ka cire duk tsofaffin takardun da suka rage a jikin jakunkuna, na filin jirgin sama da na ranar shiga, sannan ka ɗaura sabuwa a kowace jaka, ka rubuta sunanka kamar yadda yake a fasfo da lambar wayarka tare da lambar ƙasa, wato +237 ga Kamaru ko +235 ga Chadi. Ka tabbata lambar da ka rubuta tana aiki a WhatsApp, tunda layin gida ba lallai ne ya kama a can ba. Yana da kyau a saka wata takarda mai suna da lamba a cikin jakar kanta, domin ta waje tana iya tsinkewa. Baƙaƙen akwatuna a wannan zaure kama suke da juna kamar buhunan gero a kasuwar hatsi, saboda haka ka yagi ƙyallen atamfa mai launi guda ka ɗaura a hannun dukkan jakunkunan iyalinka, ka jera su ka ɗauki hotonsu da waya, ka kuma rubuta adadinsu a takarda. Wannan adadi shi ne za ka riƙa maimaitawa a kowane mataki har ka isa ƙofar gidanka.

Takardar bayanin za ta faɗi lokacin da za a fitar da kaya bakin ƙofar ɗaki, galibi tsakanin ƙarfe 10 na dare da ƙarfe 12. Ma'aikatan jirgi suna kwashe su cikin dare su loda a manyan kejuna na ƙarfe, ɗaya bisa ɗaya, da safe kuma injin ɗaga kaya ya fitar da kejunan zuwa tudu. Wanda ya san haka zai gane abin da ya sa jakar bakko da kwali suke shan wuya, domin zif ɗin bakko yana ɓallewa idan akwati mai nauyi ya danne shi, kwali kuma yana mokaɗewa. Idan babu makawa sai da su, a ɗaure su tamau da igiya ta kowane ɓangare. Kwalaben turare da zuma da man zaitun da man habbatussauda, waɗanda ba a raba mu da su a tsarabar Jidda da Dubai, a naɗe kowace a leda, a cusa ta tsakiyar tufafi a cikin akwati mai tauri. Tun a nan ya kamata a tuna da ma'aunin jirgin sama, inda yawancin kamfanoni suka tsayar da kilo 23 ga kowace jaka, domin kwance kaya a tsakar filin jirgi a gaban jama'a ba abin so ba ne.

Akwai abubuwan da ba sa shiga jakar da za a fitar bakin ƙofa ko kaɗan. Fasfo da katin rigakafin shawara da tikitin jirgin sama da katin ɗakin jirgi, wanda da shi za a tantance fitarka, duk su kwana a ƙaramar jakar hannu. Haka kuɗi da gwal da wayoyi da batirin ajiyar caji da tabarau, da maganin hawan jini ko na ciwon suga tare da takardar likita. Sai kuma tufafin da za a sa da safe, har da takalmi da hula da mayafi, da darduma domin sallar asuba, da abincin jariri da kunzugunsa. Jakar da ta bar bakin ƙofa ba za ka sake ganinta ba sai a tudu, kuma babu ma'aikacin da zai iya tono maka ita cikin dubbai da tsakar dare.

Kamfanoni suna ba da zaɓi na biyu, wato mutum ya riƙe kayansa duka a ɗaki ya fita da su da kansa a rukunin farko. Wannan ya dace da saurayi mai akwati guda mai taya. Ga magidanci da iyali kuwa wahala ce tsagwaronta, domin na'urar hawa bene takan cika maƙil a wannan safiya, gadar sauka tana da tsawo da gangara, kuma 'yan dako ba sa shiga cikin jirgi.

Kafin ka kwanta, ka duba lissafin abin da ka kashe a jirgi ka warware duk wata taƙaddama, sannan ka ware canji na kuɗin ƙasar da za ka sauka, ka ajiye shi a aljihu dabam. Sefa ba ta da amfani ga ɗan dakon Jidda ko Marsey, domin samun mai canza masa ita abu ne mai wuya.

Wanda zai ɗaukar maka kaya

Ɗan dakon da za ka tarar a zauren kaya ba ma'aikacin jirgi ba ne. Ma'aikacin tasha ne, ko na kamfanin da tashar ta ba kwangilar lodi da sauke kaya, a Amurka ma galibinsu 'yan ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan tashoshin ruwa ne. Sanin wannan yana da amfani ta fuska biyu. Kuɗin hidima da kamfanin jirgi yake cirewa daga asusunka kowace rana na masu gyaran ɗaki ne da masu kawo abinci da sauran ma'aikatan cikin jirgi, ba ya kaiwa ga ɗan dakon tasha, don haka kada ka ɗauka ka riga ka sallame shi. Sannan idan wata matsala ta taso bayan kaya sun hau amalankensa, kamfanin jirgi yana iya cewa sun riga sun fita daga hannunsa.

Ana gane shi da rigar aiki, yawanci mai ɗaukar ido, da katin shaida a ƙirji, da babban amalanke wanda yake ɗaukar kayan iyali guda a tashi ɗaya. A cikin zauren, kafin a wuce jami'an duwan, wato kwastan, da wuya wanda ba ma'aikaci ba ya samu shiga, saboda haka nan ne wurin da ya fi aminci a ɗauki ɗan dako. Bayan an fita ƙofa kuwa, inda direbobi da 'yan kamasho suke cincirindo, duk wanda ya kai hannu kan jakarka ba tare da ka kira shi ba, ka dakatar da shi cikin ladabi amma da murya mai ƙarfi. Yawan 'yan dako ya bambanta daga tasha zuwa tasha. A manyan tashoshin Amurka irin su Mayami suna da yawa, a wasu tashoshin Turai kuwa ba su da yawa, wani lokaci sai an jira, wani lokaci kuma ƙananan kekunan kaya kawai za a tarar. Ma'aikatan teburin karɓar baƙi suna zuwa tasha ɗaya kowane mako, don haka tambayarsu tun daren jajibiri za ta nuna maka abin da za ka tarar.

A zauren kaya

Idan hukumomin ƙasa sun ba jirgi izinin sauke fasinja, sai a fara kiran rukuni ɗaya bayan ɗaya. Kada ka riga rukuninka fita, domin za ka je ka tsaya a zaure kayanka ba su iso ba. Ɗakuna kuma ana so a bar su da wuri, galibi wajen ƙarfe 8, saboda haka a karya kumallo, a zauna a inda aka ce rukuninku ya jira, a sa yara su kewaya kafin a sauka.

Da ka shiga zaure, ka nemi allon da ke ɗauke da launinka da lambarka. A ganina ya fi kyau ka fara tattara kayanka wuri guda kafin ka kira ɗan dako, domin lokacinsa kuɗi ne, kuma idan ya tsaya a kanka kana neman jaka ta biyar, gaggawarsa za ta shige ka har ka kasa dubawa da kyau. Ku raba aiki a tsakaninku. Maigida yana iya cewa, “Hajiya, ki tsaya nan da yara da jakar hannu, kada ki gusa, ni da Yaya za mu kawo sauran.” Duk jakar da aka kawo, a karanta sunan da ke jikinta ko da tana ɗauke da ƙyallen gidanku, domin wanda ya tafi da jakar wani ya jawo wa gida biyu wahala, kuma mayar da ita daga wata ƙasa ba ƙaramin aiki ba ne. Idan ɗaya ba ta bayyana ba, a duba rukunin da ke dama da hagu, a kuma tambayi inda ake ajiye jakunkunan da takardarsu ta tsinke, domin kusan kowace tasha tana ware musu gefe guda.

Kafin jaka ta hau amalanke, ka juya ta ka duba tayoyi da hannu da zif da kwaɗo, ka shafa ƙasanta ko wani abu ya zube. Wannan dubawa ba ta wuce minti biyu, kuma a kanta haƙƙinka na neman diyya ya rataya, kamar yadda bayani zai zo. Bayan haka sai ka ɗaga hannu ka kira ɗan dako, ka gaishe shi, ka nuna masa kayan kana ƙirgawa da yatsa yana gani, ka kuma faɗa masa inda za a kai su, ko wurin tasi ne, ko motar otel, ko babbar motar kamfanin jirgi mai zuwa filin jirgin sama. Mutanenmu suna da sa'a a nan, domin Faransanci yana aiki a Marsey, Larabcin Chadi kuma yana fitar da mutum a Jidda da Dubai ko da lafazin ya bambanta. Inda harshe ya gaza, a nuna takardar otel ko tikitin mota. Ka dubi katinsa ka riƙe suna ko lambar da ke kai. Akwatuna masu tauri su zauna a ƙasa, bakko da kwali a sama, jakar hannu kuma ta zauna a kafaɗarka ko da ya miƙo hannu zai karɓa don kyautatawa.

'Yan dako suna da sauri, kuma sun san kowace kusurwa ta tashar. Idan kana tare da tsohuwa mai tafiya a hankali, ka gaya masa tun farko, sannan mutum ɗaya mai ƙarfi a cikinku ya jera da amalanken kafaɗa da kafaɗa, sauran su biyo baya. A irin wannan cunkoso akan ga amalanke goma masu kama da juna sun nufi ƙofa guda, wanda kuwa ya tsaya amsa waya sai ya ɗago ya rasa wanne ne nasa.

Gaban jami'an duwan

A wasu tashoshi wucewa kawai ake yi, a wasu kuma ana duba fasfo ana saka kaya a na'ura. A tashoshin Amurka da dama akwai layin da aka ware wa masu tafiya da ɗan dako, wanda yakan fi na sauran jama'a sauri, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin ɗaukarsa ga mai gudun makara. Amma saurin layi bai rage komai daga tambayar jami'i ba. Kai za a tambaya, kai za ka buɗe jaka, kuma kada ka taɓa roƙon ɗan dako ya yi maka hanya ko ya yi magana da jami'i a madadinka, domin hakan yana iya raba shi da aikinsa, kai kuma ya jefa ka cikin tuhuma.

Mu mutane ne masu karɓar saƙo, kuma a cikin mako guda a jirgi ana sabawa da jama'a har a zama kamar 'yan'uwa. Duk da haka, idan wani ya ce ka haɗa jakarsa a amalankenka ku wuce tare, ko ka riƙe masa ƙulli zuwa waje, ka ba shi haƙuri. Duk abin da ke kan amalankenka a idon hukuma naka ne, kuma cewa saƙo ne ba ya wanke kowa. Idan iyali biyu suna so su ɗauki ɗan dako guda, kowane maigida ya tsaya kusa da kayansa ya amsa tambaya a kansu.

Abinci ma yana jawo matsala. Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashen waje, Amurka ma tana da tsanani a kan nama da 'ya'yan itatuwa, saboda haka ragowar kilishi ko man shanu da aka yi guzuri da su daga gida gara a cinye su kafin safiyar sauka, kada kuma a ɗebo lemo da tuffa daga ɗakin cin abincin jirgi. Ɗanyen goro kayan tsiro ne, a bayyana shi idan an tambaya. Magunguna masu ƙarfi irin su tramadol suna ƙarƙashin doka mai tsanani a Masar da Daular Larabawa da Saudiyya, don haka wanda likita ya rubuta masa su ya riƙe su cikin kwalinsu na asali tare da takardar likitan. Game da kuɗi, wanda ya shiga ko ya fita daga Tarayyar Turai da yuro 10,000 ko fiye dole ne ya bayyana, haka ma wanda ya haura dalar Amurka 10,000 a Amurka, a Saudiyya kuwa gwal da kayan ado masu daraja suna shiga cikin lissafin abin da ake bayyanawa.

Sallamar ɗan dako

Iyakar ɗan dakon tasha ita ce bakin titin da ke gaban zaure ko wurin ajiye motoci, ba ya wuce nan. Wannan yana da muhimmanci a tashoshi masu faɗi. Tashar manyan jiragen Marsey tana da nisan kilomitoci da dama daga tsakiyar gari, tashar Civitavecchia da ake sauka domin zuwa Roma kuma tafiyar kusan sa'a guda ce a mota zuwa babban filin jirgin saman birnin, a cikin tashar ma sai an shiga wata mota kafin a kai ƙofar fita idan ba a yi odar tasi ba. Mai kaya da yawa ya tanadi babbar mota tun kafin ranar, kada ɗan dako ya sauke masa jaka bakwai a bakin titi ya tarar da ƙaramar tasi mai cin uku. Wanda zai wuce Makka ko Madina daga Jidda ya sani cewa jirgin ƙasa na Haramaini yana da ƙa'ida mai tsauri kan yawan jaka da girmanta, don haka mota ta fi masa. Jirgin saman da zai tashi kafin tsakar rana kuwa, ban ba kowa shawarar yankar tikitinsa a ranar sauka ba.

Idan aka iso mota, ka tsaya a bayanta kana ƙirga kowace jaka tana shiga, sai adadin ya cika sannan ka sallami ɗan dako. A yawancin waɗannan tashoshi ba a ciniki, domin yana da albashinsa, abin da za ka ba shi tukwici ne. Inda tasha ta tsayar da farashi, za ka ga allo ko a ba ka rasit, sai ka biya abin da aka rubuta. A Amurka al'adar ita ce dala 1 ko 2 a kan kowace jaka, masu kaya masu nauyi kuma sukan kai har 5. A Turai ina ganin yuro 1 ko 2 a kan jaka daidai ne, a Jidda ko Dubai kuma riyal ko dirhami 5 zuwa 10. Da yake yuro 1 daidai yake da sefa 655.957, mai jaka biyar da ya ba da yuro 10 ya kashe kimanin sefa 6,560, kuɗin da a gida zai yi kama da almubazzaranci, amma a ma'aunin rayuwar can matsakaici ne, kuma bai kai kuɗin maganin ciwon baya ba. Hadisi ya umarce mu da mu ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, saboda haka kuɗin ya kasance a shirye a aljihu, kada a tsayar da bawan Allah ana lalube cikin jaka ko ana neman canjin takardar yuro 50 alhali wasu fasinjoji suna jiransa. Idan ya jira ku saboda dattijo, ko ya taya ku neman jakar da ta ɓace, a ƙara masa.

Idan jaka ta fashe ko ta ɓace

Kada ka bar zauren kafin ka kai rahoto. Kamfanin jirgi yana da wakili ko tebur a wurin, za a ba ka takarda ka cike, ka karɓi kwafinka mai lamba, ka ɗauki hoton ɓarnar a nan take. Dokar da ta shafi wannan a tafiye-tafiyen da suke farawa ko ƙarewa a tashoshin Tarayyar Turai ita ce yarjejeniyar Atina ta 1974 da gyaran da aka yi mata a 2002. Ta ce ɓarnar da ido yake gani dole ne a sanar da ita a rubuce lokacin sauka ko lokacin karɓar kayan, ɓarnar da ba ta bayyana ba ko ɓatan jaka kuma cikin kwana 15. Wanda bai yi haka ba, ana ɗauka ya karɓi kayansa lafiya sai ya kawo hujjar akasin haka. Iyakar diyyar kayan da ake tafiya da su a ɗakin jirgi ga kowane fasinja 2,250 ce a ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, abin da ya haura yuro 2,500, kuma kamfani ba ya ɗaukar alhakin kuɗi da gwal da kayan ado sai idan an damƙa masa su ajiya. Hajiyar da ta sayi sarƙa da awarwaro ta lura da wannan sosai. Amurka ba ta cikin yarjejeniyar, a can sharuɗɗan da ke jikin tikiti ne suke aiki, kuma diyyarsu takan zama kaɗan. Idan jakar ba ta fito ba har lokaci ya ƙure, ka ba su adireshin da za a iya kai kaya da gaske, kamar na wani ɗan'uwa a Duwala ko Yawunde ko Injamena, domin kwatancen unguwa ba zai yi wa kamfanin aika kaya amfani ba.

Ragowar hanya

Kayan da suka fito daga tashar ruwa lafiya suna da sauran hannuwa da yawa a gabansu. Mai sauka a Duwala ko Yawunde zai bi jirgin ƙasa na dare zuwa Ngaundare, tafiyar kilomita 622 daga Yawunde, daga nan ya shiga motar Garwa ko Marwa. Mutumin Kusiri da ya sauka a filin jirgin saman Hassan Djamous na Injamena kuma zai tsallaka gadar Ngeli, inda ake sauke kaya a sake lodawa, kuma iyakar ba ta kwana a buɗe, don haka a lissafa lokacin isowa.

A waɗannan wurare ƙa'idar ta juya, domin ɗan dakon gida da abin da ya ɗauka yake ci, saboda haka a yi ciniki a gama kafin ya ɗaga jaka ko ɗaya. A tashar Ngaundare jirgi yana tsayawa samari za su yi ca a bakin ƙofar tarago. Ka zaɓi mutum ɗaya, ko biyu idan kayan sun fi ƙarfin ɗaya, ka ce masa, “Malam, sannu da aiki, jaka shida ne, zuwa bakin motar Garwa, nawa za ka ɗauka?” Wanda ya iya Fulatanci ya yi da shi, ciniki ya fi sauri. Idan yana sanye da riga mai lamba, ka riƙe lambar. Kada ka yarda mutum uku su rarraba kayanka kowa ya kama gabansa, domin ido biyu ba sa bin hanya uku. A kamfanin mota, ka tsaya har a rubuta wa kowace jaka lamba a ba ka takardarta, ka ga an loda su, ka nuna wa yaran mota wadda take da kwalabe domin kada a ɗora mata buhu. Idan za a canza mota a Garwa, a sake fito da takardar adadin da aka rubuta a daren jajibiri, a ƙirga, sannan a biya ɗan dakon da zai kai su mota ta gaba.